Ba Daftarin Farko Ne Ya Lalata Mana Rubutu Ba: Martani

Na karanta maƙalar da wani malami marubuci ya fitar a wannan shafi a fitowar da ta gabata, inda ya yi kakkausar suka ga shawarar da ake ba matasan marubuta cewa su saki hannu su zuba rubutun farko ko da zai fito a hargitse, daga baya su dawo su gyara. A ganin Malam, wannan shawara baƙuwa ce, daga littattafan Turawa na koyar da rubutu aka kwaso ta, kuma ba ta haifar mana da komai ba sai lalaci. Ya kafa hujjoji uku. Ta farko, magabatanmu ba su san jagwalgwalo ba, sukan dafa magana a zuci sai ta nuna kafin su ɗora alƙalami a takarda. Ta biyu, wanda ya san abin da zai faɗa ba ya buƙatar kame-kame, don haka hargitsattsen rubutu shaida ce ta hargitsattsen tunani. Ta uku, hannun da ya saba da ƙazanta ba zai koyi tsabta ba, kuma ga sakamakon nan muna gani a littattafan da ke yawo a wayoyinmu.

Kafin in saɓa wa Malam, ya kamata in faɗi inda muka haɗu. Ciwon da ya nuna yana nan, kuma yana damuna kamar yadda yake damunsa. Duk mai bibiyar ƙagaggun labaran Hausa da ake sakewa a WhatsApp da Facebook da Wattpad ya ga abin da ake nufi. Za ka tarar da shafi guda babu aya babu waƙafi. Ba a bambanta "akan" da "a kan", ba a damu da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ba, har "ƙafa" ta koma "kafa", "ɗaki" ya koma "daki". Tauraruwar da aka ce marainiya ce a babi na biyu sai ga mahaifinta yana yi mata faɗa a babi na ashirin, ba tare da wani bayani ba. Wannan abin takaici ne ga harshen da ya yi ƙarnoni ana rubutu da shi. Inda na rabu da Malam shi ne wurin gano musabbabin ciwon, domin maganin da ya rubuta zai ƙara wa majinyacin jiki ne.

Mu duba yadda ake samar da waɗannan labaran. Marubuciya takan buga shafi a wayarta da dare, ta tura wa zauren masu karatu kafin ta kwanta. Da gari ya waye saƙonni sun cika wayar ana neman ci gaba, wasu ma sun biya kuɗin karatu suna jira. Ta sake buga wani shafin ta tura. Abin da ya fita ya fita ke nan, ba damar komawa babi na biyu a daidaita shi da na ashirin, domin dubban mutane sun riga sun karanta. Wannan marubuciya ba ta da daftari ko kaɗan. Daftari rubutu ne da mai shi ya ɓoye don ya san bai gama ba, kuma ya yi niyyar komawa kansa. Abin da ke wayoyinmu rubutun farko ne da aka kai kasuwa ranar da aka haife shi. Saboda haka laifin da Malam ya ɗora wa daftari na rashin daftari ne. Da marubutan nan suna bin shawarar da yake suka, da sun rubuta labarin har ƙarshe a ɓoye, sun karanta, sun ga mahaifin marainiya, sun cire shi kafin kowa ya gani.

Wannan matsala ma ta girmi wayar hannu. A zamanin Hukumar Fassara ta Zariya, da hukumar NORLA da ta biyo baya a shekarun 1950, da kamfanin ɗab'i na NNPC da aka kafa a 1966, rubutu ba ya zama littafi sai ya bi ta hannun masu tacewa. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Wannan yunƙuri ya yi wa Hausa babban alheri, ya fito da marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, ya kuma sa mata da matasa da yawa suka rungumi karatu. Amma a hanya an yar da kujerar edita. Muhawarar da aka tafka a jaridu a shekarun 1990 kan abin da aka kira adabin kasuwar Kano ta taɓo wannan giɓi, kuma har yau ba a cike shi ba. Wayar hannu ta zo ne ta cire ɗan jinkirin da ya rage tsakanin rubutawa da fitarwa.

Yanzu ga batun cewa daftari baƙon abu ne a wurinmu. Ina roƙon Malam ya leƙa tsangaya. Gardin da ya haddace Alƙur'ani ba ya zarcewa ga takarda kai tsaye. Sai ya yi satu tukuna, wato ya riƙa rubuta abin da ya haddace da ka a kan allo, ya kai wurin darasu, alarammomi su zauna su duba baƙi da wasali da ɗigo, su ci shi gyara inda ya kuskure. Ya koma ya wanke allon, ya sake ɗora wani. A haka zai bi Littafin tun daga farko har ƙarshe, wani ma ya maimaita, kafin a yarda hannunsa ya isa ya rubuta a takarda. Babu alaramman da ke jin kunyar cewa an taɓa cin sa gyara a darasu, domin ta nan kowane gwani ya biyo.

Na san akwai bambanci, kuma ba zan ɓoye shi ba. Mai satu ba ya sakin hannu, iyakar ƙoƙarinsa yake yi, domin nassin da yake rubutawa tsayayye ne, ba a ƙari ba a ragi. Amma wannan bambancin ƙarfafa maganata yake yi. Idan a wurin da nassi yake a tsaye, kuma yana cikin ƙirjin mai rubutu, malamanmu sun ga wajibi ne a tanadi allon da ake wankewa da majalisar da ke gyara, to ina ga mai ƙaga labari ko mai gina hujja, wanda abin da zai rubuta bai ma wanzu ba tukuna? Tsarin karatunmu na asali ya ginu ne a kan sanin cewa hannun ɗan Adam yana kuskure a karon farko, don haka aka ba kuskuren wurin da zai faru ba tare da ya yi ɓarna ba.

Haka abin yake a wurin manyan malaman da muke karanta littattafansu a zaure. Ibn Khaldun ya keɓe kansa a Ƙal'at Ibn Salama, a ƙasar Aljeriya ta yau, ya rubuta Muƙaddima a shekarar 1377. Shi da kansa ya faɗa a ƙarshen littafin cewa cikin wata biyar ya gama zubin farko, kafin tacewa da gyara. Wata biyar ga littafi mai wannan girma gudu ne na wanda ya saki hannu, yana tsoron kada tunanin ya tsere masa. Bayan haka ya ci gaba da ƙari da gyara a Tunis da Alƙahira har kusan rasuwarsa a 1406, shi ya sa kwafe-kwafen littafin da suka iso mana suka bambanta da juna. Almajirinsa al-Maƙrizi, masanin tarihin Masar, har yau akwai daftarin littafinsa na Khiɗaɗ da rubutun hannunsa a Istanbul, da soke-soke da ƙare-ƙare a gefen shafi da guraben da ya bari don ya cike daga baya. Marubutan Larabci sun san wannan mataki sarai, suna kiran daftari musawwada, kwafin da aka tsabtace kuma mubayyala.

An ruwaito cewa Imamu Malik ya shafe shekara arba'in yana bitar Muwaɗɗa, yana rage abin da ya ga ya kamata a rage, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ruwayar Yahya al-Laisi da muka fi sani a nan ta bambanta da ta Muhammad al-Shaibani. Imamu Shafi'i ya rubuta Risala, da ya koma Masar ya sake rubuta ta, kuma ta biyun ce ke hannunmu. Ibn Hajar ya fara Fathul Bari a shekara ta 817 bayan Hijira, bai kammala ba sai 842, yana rubutawa kashi-kashi, almajiransa suna kwafa, ana zama ana bita ana tattaunawa. Tun kafin Musulunci ma, an san mawaƙi Zuhairu bin Abi Sulma da ƙasidun da ake kira hauliyyat, domin yakan shekara yana sassaƙar ƙasida guda kafin ya fitar da ita. Waɗannan su ne magabatan da Malam ya ce ba su san komawa kan rubutu ba. Abin da ya sa muke ganin kamar a tsabtace aikinsu ya sauko shi ne kwafin ƙarshe kaɗai ake karantar da mu.

Mu dawo gida. A 1933 Hukumar Fassara, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labarai da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abubakar Imam yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, yana koyarwa a Midil ta Katsina, lokacin da ya aika da nasa. Abin da ya aika ba shi ne aka buga kai tsaye ba. Wasiƙun da ke cikin littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1989 sun nuna East ya tace rubutun, har ya rage wasu labarai da ya ga an ɗebo su daga wasu littattafai. Da aka zo Magana Jari Ce, sai aka ɗauko Imam daga Katsina zuwa Zariya a 1936, ya zauna kusa da East yana rubutawa ana dubawa. Hausar da muke kafa misali da ita yau, wadda ake koya wa yara a makaranta, ta sha gyara kafin ta kai haka. Wannan bai rage wa Imam daraja ba ko ƙwayar zarra. Darajarsa tana cikin cewa ya zuba abin da ke ransa ba tare da tsoro ba, sannan ya iya zama ya sake aiki a kansa.

Chinua Achebe ma haka. Rubutun da ya tafi da shi Landan lokacin da ya je kwas a BBC dogon labari ne da ya ratsa zuriya uku, kaka da ɗa da jika. Daga baya ya gane ya cusa abu da yawa a mazubi ɗaya, sai ya raba shi. Kashin farko ya zama Things Fall Apart a 1958, labarin jikan kuma ya zama No Longer at Ease a 1960. Da Achebe ya ƙi rubuta wancan dogon daftari mai cunkoso, yana jiran sai tsari ya kammala a kansa, da bai ga inda labarin kakan, Okonkwo, ya kamata ya tsaya ba. Sai da abin ya kwanta a takarda sannan ya ga girmansa, ya san inda zai sa wuƙa.

Malam ya kawo Mamman Shata da Aliyu Namangi a matsayin shaidunsa, kuma su ne hujjarsa mafi ƙarfi, don haka sun cancanci amsa a tsanake. Gaskiya ne Shata yakan ƙaga waƙa nan take a gaban jama'a. Amma duk wanda ya saurari Bakandamiya a faifai daban-daban ya san ba iri ɗaya ba ce. Ya yi shekaru yana rera ta, yana ƙara ɗiya yana zubar da wasu, abin da ya karɓu ya zauna, abin da bai karɓu ba ya faɗi. Kowane wasa bita ne ga na gaba. Ga kuma amshi da kalangu suna ba shi sararin numfashi da tunani tsakanin ɗa da ɗa. Makaɗan fada kuwa, irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, sananne ne cewa sukan zauna da yaransu a gida su ɗinka waƙa, a gwada a sake, kafin a kai ta gaban sarki. Daftarinsu a baki yake, shi ya sa bai bar tabo a takarda ba.

Aliyu Namangi makaho ne, da ka ya tsara Imfiraji wasu suka rubuta. Wannan baiwa ce da Allah Ya ba shi, kuma ba mai musun ta. Sai dai waƙa tana da abin da zube ba shi da shi. Kari da amsa-amo suna riƙe baiti a ƙwaƙwalwa, suna kuma gwada shi nan take, domin layin da ya karye kunne zai ji. Mawaƙi zai iya juya baiti guda a bakinsa sau da yawa har ya zauna, sannan ya wuce na gaba. Mai rubuta labari mai shafi 300, da taurari goma sha, kowanne da tarihinsa da irin maganarsa, ba shi da wannan madogara. Haka ɗalibin da ke rubuta kundin digiri mai babi biyar. A ce musu su dafa komai a zuci kamar Namangi, an ɗora musu abin da ƙwaƙwalwa ba ta ɗauka. Takarda ce wurin da za su yi abin da shi yake yi a baki.

Wannan ya kawo mu ga hujja ta biyu, cewa wanda ya san abin da zai faɗa ba ya kame-kame. A nan ne nake ganin Malam ya yi wa aikin rubutu gurguwar fahimta. Ya ɗauka tunani yana gamawa ne sannan rubutu ya fara, alƙalami kuma ɗan aike ne kawai. A wasiƙar neman aiki ko sanarwar ɗaurin aure haka ne. A rubutun da ke neman gano wani abu kuwa, tunanin yana faruwa ne a lokacin da ake rubutun. Abin da ke cikin kai yakan yi kamar ya cika, domin kai ba ya tilasta maka ka jera shi. Sai ka zo sa shi a jimla, ɗaya bayan ɗaya, sannan za ka ga hujjarka ta biyu ba ta haɗu da ta farko ba, ko ka ga misalin da kake taƙama da shi yana rushe maganarka ne. Hargitsin da ke cikin daftari hoton wannan binciken ne. Mai shi yana tsakiyar aiki, kuma da bai rubuta ba da bai san akwai ramin ba.

A ƙagaggen labari abin ya fi fitowa fili. Marubuciya za ta fara da niyyar ba da labarin amarya da muguwar uwargida. Tana cikin tafiya, a wajen babi na goma, sai ta ba uwargidan baki ta yi magana, ta ji muryar mace da ta yi shekara ashirin tana haƙuri a gidan, ta ga ashe labarin nata ne. Wannan ganowa ita ce ran littafin, kuma babu yadda za a yi ta zo tun a shafin farko, domin sai an zauna da mutanen labari an ji su kafin a san su. Yanzu dole ta koma ta rushe babi tara na farko. Idan ta rubuta su ne da sauri, tana sane da cewa na wucin gadi ne, rushewar ba za ta yi mata ciwo ba. Idan kuwa ta bi shawarar Malam, ta kashe wata shida tana goge kowace jimla har tana ƙyalli, ba za ta iya zubar da su ba. Za ta danne abin da ta gano, ta ci gaba da labarin da ta san bai kai ba, don tsoron asarar wahalarta.

Akwai wata ɓarnar kuma da neman tsabta tun farko yake yi, wadda ba a cika lura da ita ba. Mutum yana da mai ƙirƙira a cikinsa, yana da mai hukunci. Idan aka tsayar da mai hukunci a kan mai ƙirƙira tun daga kalmar farko, hannu zai riƙa neman jimlar da ba za a soka ba, kuma jimlar da ba a suka ita ce wadda kowa ya riga ya ji. Daga nan ake samun budurwar da kullum fara ce doguwa mai dara-daran idanu, da saurayin da kullum ɗan hamshaƙin attajiri ne da ya dawo daga karatu a waje. Daga nan ake samun maƙalar da ke buɗewa da cewa sanin kowa ne, ta rufe da kira ga hukumomin da abin ya shafa. Rubutu ne mai tsabta, babu kuskure ko ɗaya, kuma babu abin da mai karatu zai tuna bayan ya ajiye. Sabuwar magana takan fito ne a karkace a karon farko, tana tuntuɓe, sai an sake ta sau biyu ko uku ta miƙe. Wanda bai yarda ya ga karkatacciyar jimla a takardarsa ba ya rufe ƙofar da sabuwar magana ke shigowa.

Malam ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Karin maganar gaskiya ce, amma sai a san abin da ake dubawa ranar Larabar. Edita mai ido ba ya auna daftari da yawan soke-soke ko ƙarancinsu. Yana neman ko akwai murya, ko akwai wani mutum a labarin da ke numfashi, ko akwai tambayar da ta dami marubucin da gaske. Idan waɗannan suna nan, sauran aiki ne, kuma aiki ana iya yin sa. Idan babu su, kyawun rubutun hannu da daidaiton waƙafi ba za su kawo su ba.

Sannan ina so Malam ya tuna da waɗanda ba ya gani, domin ba su taɓa fitar da komai ba. A jami'o'inmu da kwalejojinmu akwai ɗalibai da ke yin watanni a kan babi na ɗaya, su rubuta sakin layi su yage, domin tun firamare an koya musu cewa goge-goge abin kunya ne, kuma littafin da ya fi tsabta shi ne na yaron kirki. Idan lokaci ya ƙure, da yawa sukan faɗa wa kwafe aikin wani, ko su biya a rubuta musu, domin can ne kaɗai za su sami jimlolin da suka fito a gyare tun farko. Akwai kuma dattawa masu tarin sani, tsofaffin malamai da ma'aikata da 'yan kasuwa, da suka yi shekaru suna cewa za su rubuta tarihin garinsu ko na sana'arsu, har suka koma ga Allah ba su wuce shafi na uku ba. Ba lalaci ne ya hana su ba. Sun ɗauka marubucin gaske ba ya kuskure, da suka ga nasu kuskuren sai suka yanke wa kansu hukuncin cewa ba su iya ba. Asarar da Hausa ta yi ta wannan hanya ba ta da ma'auni, kuma maƙala irin ta Malam tana ƙara wa irin waɗannan mutane nauyi a hannu.

Hujja ta uku ita ce ta sabo, cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na yarda, sai dai mu tantance wane sabo muke so mu dasa. Yaron da aka koya wa cewa rubutu sau ɗaya ake yin sa, to ya koyi cewa da ya kai aya ta ƙarshe ya gama. Wannan shi ne ainihin sabon da ya cika mana wayoyi da ɗanyen rubutu. Yaron da aka koya wa cewa rubutun farko somin-taɓi ne, akwai na biyu da na uku, shi ne zai girma yana duba aikinsa kafin ya fitar. Sakin hannu a daftari rabin shawara ne, ɗaya rabin shi ne komawa da jan biro ba tare da tausayi ba. Wanda ya ɗauki rabin farko ya bar na biyu ya cancanci duk faɗan da Malam ya yi. Amma maganinsa a cika masa rabin da ya bari, ba a ƙwace wanda ke hannunsa ba.

Akwai iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta. Aya da hadisi, da sunan mutum, da shekara, da adadi, da duk maganar da za a jingina wa wani, ba a sakaci da su. Marubuci zai iya barin gurbi a daftari ya sa alama, don kada neman su ya katse masa gudu, amma haramun ne a wurin aikin su fita ba a tabbatar ba. Haka kuma mutane sun bambanta. Akwai wanda ba ya iya wuce sakin layi sai ya daidaita shi, kuma yana gama littattafansa a haka. Ba na cewa ya canza. Abin da na ƙi shi ne a mayar da ɗabi'ar mutum ɗaya doka a kan kowa, a kuma kira wanda ya bi wata hanya malalaci.

Ga abin da nake ganin ya fi amfani mu gaya wa matasa. Ka rubuta har ƙarshe kafin ka nuna wa duniya, ko da wani babin bai gamsar da kai ba. Ka ajiye shi ya huce, har ka iya karanta shi kamar wani ne ya rubuta. A bita ta farko ka duba gini kawai: me ya kamata ya zo gaba, me ya kamata ya fita, wane ne ba shi da aiki a labarin. A ta biyu ka bi jimla-jimla, ka karanta da ƙarfi, domin kunnen Bahaushe yana kama Hausar da ta karkace kafin ido ya gani. A ta ƙarshe ka bi ƙa'idojin rubutu, rabawa da haɗewa da ƙugiya da alamomi. Masu sakin labari shafi-shafi a waya, waɗanda abincinsu ke nan kuma ba za a ce su daina ba, su yi ƙoƙari su riƙa gaba da masu karatunsu da babi da yawa, domin abin da za su tura yau ya kasance ya kwana ya sha bita.

Sai kuma abin da ya fi ƙarfin marubuci shi kaɗai, wanda a nan ne manya irin su Malam suke da rawar takawa. Muna buƙatar darasun marubuta. Rassan Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, da sauran ƙungiyoyin marubutan Hausa suna zaman karatu, kuma gasa irin Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna yawan masu son rubutu a cikinmu, musamman mata. Abin da ya rage shi ne a mayar da irin waɗannan zama wurin da ake kawo aikin da bai gama ba, a ci shi gyara da mutunci, mai shi ya koma ya sake. Matashi ba zai kawo ɗanyen aikinsa gaban dattijon da ya riga ya shelanta cewa ɗanyen aiki shaidar lalaci ne ba. Zai ɓoye shi, ko ya kai shi inda ba mai gyara sai masu tafi.

Saboda haka, Malam, ina kira gare ka da ka sauya inda ka nufi da faɗanka. Ka yi faɗa da gaggawar fitarwa, ka yi faɗa da rashin editoci, ka yi faɗa da masu ganin gyara raini ne. A duk waɗannan ina bayanka. Amma ka bar wa matasa daftarinsu, ka ma nuna musu naka idan kana da shi a ajiye, su ga soke-soken da ke bayan maƙalolin da suke sha'awa. Ilimin da ka tara na ƙa'idojin Hausa ya fi amfani a gefen shafin wani yaro, da jan biro, fiye da a cikin gargaɗin da zai hana shi fara rubutun. Allah Ya ƙara wa Malam lafiya da basira, Ya kuma ba mu marubuta masu ƙarfin halin farawa da haƙurin gyarawa.